Ranar da Goggo Ta Buɗe Kabet a Kotobabi

Na shiga gidajen tarihi ba ɗaya ba ba biyu ba, na biya kuɗin ƙofa, na bi layi ana nuna mini kaya ta bayan gilashi, amma ban taɓa tsayawa baki buɗe kamar ranar sunan tattaɓa-kunnen Goggo a Kotobabi, cikin birnin Ankara na Ghana, ba. Abin kunyar ma, a gidan na tashi. Kabet ɗin nan na san shi tun ina rarrafe, na kuma sha ranƙwashi a kansa, don an hana mu ko jingina da shi. Kullum a kulle yake, makullin yana ƙulle a haɓar zanenta, abin da ke ciki sai dai ka hango ƙyallinsa ta bayan wani labulen leshi da tsufa ya sa ya yi ja. Ranar nan kuwa, ana idar da sallar asuba, tun samari ba su kafa rumfa a layi ba, ta sa aka shimfiɗa tabarma biyu a tsakar gida, ta zauna a kujerarta 'yar tsugunno, ta ce a fito mata da kayanta kakaf.

Tubarkalla! Gani ya kori ji. Rana na leƙowa ta saman rufin maƙwabta, haske ya sauka a kan tabarmin nan, sai tsakar gidan da na sani da igiyar shanya da jarkokin ruwa ta koma wani wuri dabam. Ga tasoshi jajaye masu murfi, manya da ƙanana. Ga langa da samira da fanteka, furanninsu kamar jiya aka zana. Ga kofunan zamzam 'yan mitsi-mitsi da ta zo da su daga Makka. Can gefe kuma, a kan farin ƙyalle, ga abin da duk gidan ke kira azurfar Goggo: tire, da butar shayi, da ɗan kwanon sukari mai ƙafa uku. Mai kokon layinmu ta shigo kawo saƙo, ta tsaya riƙe da baki har ta manta abin da ya kawo ta. Da jere ake ba maki, da na ba wannan ɗari bisa ɗari, in ƙara masa da ƙwaryar goro.

Tiren shi ne ya fara sace mini zuciya. Tsawonsa ya kai kamu ɗaya da rabi, da hannu biyu da aka ƙera kamar ganye ya naɗe, bakinsa kuma a murɗe yake zagaye kamar tufkar igiya. Ka ɗauke shi da hannu ɗaya, wuyan hannunka zai faɗa maka ba abin wasa ka ɗauka ba. A tsakiya an zana furanni da reshe, siraran layuka kamar da allura aka ja su, shekaru kuma sun zuba baƙi a cikin kowane layi, shi ya sa zanen ya fito raɗau, abin da sabon tire ba zai taɓa yi ba ko nawa ka saye shi. Wurin da ya fi burge ni shi ne inda ya goge. Daidai mazaunin buta akwai wani da'ira da farin ya sauka, ƙarfen ƙasa mai ɗan fatsi-fatsi ya leƙo. Wani zai ce aibi ne. Ni kam na sa yatsa na shafa wurin, don hannun mutane ne ya cinye shi, ba tsatsa ba. Ita kuwa butar, wuya gare ta dogo kamar na zalɓe, mariƙinta baƙin katako, da 'yar lotsawa a ciki da kowa a gidan ya san wanda ya jawo ta, amma ba a faɗa.

Mahaifin Goggo ne ya saye su a gwanjo, lokacin da wani Bature na unguwar Ridge yake haɗa kayansa gab da samun 'yanci a 1957. Haka Nima da kewayenta suke tun da Malam Futa ya sauka a wurin a farkon shekarun 1930: mutanenmu ne kuku da boyi da mai gadi da tsohon soja, su wuni a gidajen Turawa su kwana a Zango, abin da Bature ya gaji da shi kuma yakan biyo su gida. Sai dai tiren da ya zo nan aikinsa ya sauya. Can shayi yake ɗauka, wani na tsaye riƙe da shi, wani na zaune. A Kotobabi goro yake ɗauka da dabino da kuɗin sadaki a gaban liman. Goggo ta ce ba ta san adadin auren da aka ɗaura a kansa ba, don rabin layin nan da shi aka kai su ɗaki. Kwanon sukarin kuwa bai sake ganin sukari ba, turaren wuta ake ajiyewa a ciki, ka buɗe murfin ƙamshin shekara sittin ya buge ka.

Ana cikin kallo sai wani ɗan ƙanena, bai daɗe da dawowa daga karatu ba, gemu ya fara tsirowa, ya matso ya durƙusa.

"Kaka, Allah ya ƙara lafiya. Amma ai an hana ci da sha a kwanon azurfa."

Goggo ko ɗaga kai ba ta yi ba. "Kife shi ka karanta, ɗan nan, tunda kai ne mai boko da Larabci."

Ya kife tiren. A bayansa akwai haruffa huɗu ƙanana da aka buga: EPNS.

"To ka gani. Kakanka Malam ya riga ka, tun ubanka bai san hanyar makarantar allo ba."

Haruffan nan su ne asirin duka. Ma'anarsu ruwan azurfa ne kawai aka shafa da lantarki a kan wani haɗin jan ƙarfe da nikel da tutiya, dabarar da kamfanin Elkington na Birmingham ya yi wa rajista a 1840, ta sa ma'aikacin gwamnati mai matsakaicin albashi ya iya shan shayi kamar ɗan sarauta. Azurfa ta gaske a Ingila hatimin zaki mai tafiya ake buga mata, shaidar cewa kashi 925 cikin dubu azurfa ce. Tiren Goggo ba shi da zaki. Mu kuma a nan mun ƙara dagula lissafin, don duk wani farin kwano silba muke ce masa, har da babban bahon alminiyon da kayayo ke ɗauka a ka a kasuwar Nima ranar Laraba, wanda bai haɗa komai da azurfa ba sai farin ido.

Yaron dai bai yi ƙarya ba. Hadisin hana ci da sha a kwanon zinariya da azurfa yana cikin Buhari da Muslim, Risala ta Ibn Abi Zaid da muka biya a zaure ta kawo hanin sha a cikinsu, Muhtasar na Halil kuwa ya ƙara ɗaurewa: ko ajiye irin wannan kwano bai halatta ba, kuma hukuncin bai bar mata ba, duk da an yarje musu su yi ado da zinariya da azurfa. Wanda aka yi wa ruwa-ruwa a sama kawai, nan ne malaman Malikiyya suka kawo zance biyu. Ta wannan 'yar ƙofar tiren ya shiga gidan malami ya zauna lafiya.

Amma akwai wanda bai samu ƙofa ba, kuma labarinsa ne ya sa na ji idona ya ciko. A cikin kayan ɗakin Goggo akwai wani ɗan kwanon goro na azurfa tsantsa, gadon mahaifiyarta, wanda maƙerin fari ya ƙera da dala shida. Dalar nan ita ce kuɗin Ostiriya mai hoton Sarauniya Mariya Tereza, da ake ta bugawa da shekarar 1780 a jiki ko da yaushe aka buga shi, nauyinsa giram 28, kashi 833 cikin dubu azurfa. Fatake sun san shi daga Habasha har Kano, kuma da yawansa a wutar maƙera ya ƙare, ya koma zobe da munduwa da adon sirdi. Bayan bikinta da 'yan makonni mijinta Malam, Allah ya jiƙansa, ya zaunar da ita ya faɗa mata hukuncin cikin lallashi. Ta ce ta kwana tana kuka. Da gari ya waye ta ƙulle kwanon a ɗankwali, ta tafi wurin wani maƙeri a Nima, ta tsaya a kansa har ya narkar da shi ya mai da shi mundaye biyu. Tana ba mu labarin tana juya su a hannu, sun yi sumul, sun siranta, suna ƙara a hankali duk sanda ta miƙa hannu ta nuna wani abu. Shekara da shekaru ina jin ƙarar nan in ta zo tashe mu sallah, ban san kwanon kakata nake ji ba.

Ido ya gama da fari, ya koma kan ja, a nan kuma na rasa wadda zan fi yabo. Tasoshin Bida ne, aikin maƙeran tagulla na Nufe da ke unguwar Tswata Mukun. Babbar cikinsu murfinta a tsaye yake kamar malafa, launinta kamar zumar da ta kwana biyu. Duk jikinta zane ne da aka buga da guduma da 'yar ƙusa, ɗigo bayan ɗigo, ganye ya shiga ganye, igiya ta sarƙe da igiya ba ka ganin bakin zaren. Ka leƙa ta ciki ka ga sawun kowane bugu. Na jera biyu kusa da juna ina neman inda suka zo ɗaya, ban samu ba. A ɗaya ma maƙerin ya ɗan kuskure lissafi, da ya zagayo sai wuri ya ƙure masa, ya matse furen ƙarshe ya shigar da shi da dabara. Wallahi furen nan da aka matse ya fi mini duk kayan kanti. Na ƙwanƙwasa bakinta da farce, ta yi wani amo mai tsawo, yara suka taru suna cewa in sake. Da toka da jiƙaƙƙiyar tsamiya ake wanke su, ba da komai ba. Da tsohuwar zuma ake magani.

Waɗannan sun girmi tiren nesa ba kusa ba. A faɗar Goggo, da kakarta suka sauko ta hanyar Gwanja, hanyar da fatake ke bi da kanwa da fata da tufafi su komo da goro daga Salaga. Da yaƙin basasar 1892 ya watsa Salaga, mutanenta suka bazu Kete Krachi da Kumasi da nan Ankara, kowace mace da abin da ta iya ɗauka a ka. Ƙasar nan kuma ta daɗe da sanin girman tasa tun kafin mu zo. A Nsawkaw, cikin ƙasar Bono, akwai babbar tasar tagulla mai rubutun Larabci, ƙirar Masar ta zamanin Mamluk, wadda ta ƙetaro hamada ɗaruruwan shekaru da suka wuce, mutanen garin suna girmama ta har yau. Irinta ce maƙeran Akan suka kalla suka ƙirƙiro kuduo, tukunyar tagullar da ake ajiye garin zinariya a ciki, wani lokaci a binne mai ita da ita. Akwai ma wata babbar buta da aka ƙera a Ingila zamanin Sarki Richard na Biyu, ta yi tafiyarta har Kumasi, sojan Ingila suka kwashe ta a 1896, yanzu tana gidan tarihin Birtaniya a Landan. A 2024 an dawo da kayan fadar Asante guda 32 daga gidajen tarihi biyu na Landan, aka baje su a Manhyia, amma da sunan aro. A ara maka abinka! Kayan aro dai ba ya rufe katara. Na Goggo kuwa ba wanda ya ara mata, ba mai zuwa karɓa, kuma an bar ni na taɓa.

Maza sukan yi wa mata dariyar tara kwanukan da ba a ci a ciki. Ni ma na yi, Allah ya yafe mini. Amma a tambayi wanda ya riƙe takardar sidi hamsin a 1982, da gwamnatin soja ta soke ta aka ce kowa ya kai banki ya karɓi rasit. A tambayi wanda ya ga an yanke wa sidi sifili huɗu a 2007, dubu goma ta koma ɗaya. Goggo ta ga fam, ta ga sidi kala-kala, duk sun wuce ta bar su. Kuɗin tuwon da ta sayar da zubin adashinta kwano take mai da su, don kwano miji ba ya cewa a ranta masa, ɗa ba ya zarar shi a ɓoye kamar takarda, in kuma ta ɓaci a sayar da biyu a biya kuɗin makaranta. A yunwar 1983 fanteka huɗu suka fita daga kabet ɗin nan, mu muka ci su ba mu sani ba. Kuma duk 'yar da za a kai ɗaki a gidan, daga nan ake tsakuro mata harsashin jerenta.

Akwai tasoshi uku da aka ajiye su kaɗai a bakin tabarma, ɗaure da wani tsohon tsumman atamfa. Da wata yarinya ta kai hannu, Goggo ta daka mata tsawa. Ba nata ba ne. Ranar 18 ga Nuwamban 1969 gwamnatin Busia ta ba duk baƙon da ba shi da takardar zama mako biyu ya bar ƙasar. Zango ta hargitse, ana sayar da gado da keken ɗinki a kuɗin da bai kai na goro ba. Goggo tana amarya a lokacin, tana da wata aminiya, Bayarabiya 'yar Ogbomosho, da suke adashi tare. Matar ta sayar da komai, amma ta ce waɗannan ukun ba za ta bari a yi musu cinikin wulaƙanci ba. Ta kawo su da dare ta ce, "Riƙe mini, in ƙura ta lafa zan dawo." Ba ta dawo ba. Da Najeriya ta koro 'yan Ghana a 1983, Goggo ta riƙa tare masu dawowa tana tambaya ko wani ya san ta, ba labari. Duk shekara kafin azumi sai ta kwance su ta wanke, ta mayar ta ɗaure da tsumman da aka kawo su da shi. Ko ƙwayar shinkafa ba ta taɓa shiga cikinsu ba.

Da hantsi ya yi aka sauke tukwane, sai na ga abin da ya sa aka fito da kayan tun farko. Goggo ce ke rabo, tana zaune tana nuni da hannu, mundaye na ƙara. Tuwon liman a babbar tasar Bida. Wake da shinkafar surukai a samira mai murfi. Masa da funkason ƙawayenta na ciyayya a langa, kowacce da wadda aka saba kai mata. Ba wanda ya rubuta wannan doka, amma kowace tsohuwa a Kotobabi da Maamobi tana karanta ta: kafin ta buɗe murfi ta riga ta san matsayinta a gidan da aka aiko. A kai wa mace abinci a kwano mai ɓantaren baki, an gama faɗa mata magana ba tare da an buɗe baki ba. Kwano kuma ba ya komawa da datti, ba ya komawa wayam. Yaba kyauta tukwici. Kowane ɗaya in ka kife shi akwai ɗigo uku na jan farce a gindinsa, shaidar Goggo ke nan, don kada ya ɓace a gidan biki. Mu da muka yi yarinta muna kai kwano ranar Sallah mun san wace tasa ce ke jawo tukwici mai tsoka, har faɗa muke a kanta.

In akwai abin da ya rage mini daɗi, biyu ne. Wata 'yar gidan, da kyakkyawar niyya, ta ɗauki soson ƙarfe ta dirje gefen butar shayin wai tana so ta yi haske, ta bar mata zane kamar kyanwa ta yaƙushe ta. Ruwan azurfa siriri ne, tsumma mai laushi kawai yake so. Na biyu, baƙin da ke rumfa a waje duk a farar robar nan ta ci-ka-yar aka miƙa musu abinci, kowa iri ɗaya, malami da ɗan acaba, babu mai sanin wa aka girmama. Kafin la'asar robobin sun cika kwata, suna jiran ruwan Yuni su toshe ta. Wani mai sayen tsofaffin kaya ma da ya ji labari ya biyo sahu, ya ɗaga wata tasa yana auna ta a hannu kamar mai sayen ƙarfen bola, ya faɗi kuɗi. Goggo ta sa aka zuba masa tuwo, a roba, ta ce a gaishe da gida.

Bayan magariba kwanuka suka fara dawowa, wani da sabulu a kan murfi, wani da 'yan kuɗi, wani da goro biyar. Tana karɓa tana kifewa tana duba ɗigo uku, tana ƙirgawa a hankali, ana mayarwa kabet ɗaya bayan ɗaya, tiren a can sama inda ya saba zama. Na ga fuskarta a sake, na ce bari in gwada sa'ata.

"Goggo, wai tiren nan wa za ki bar wa?"

Ta dube ni ta saman tabarau, ta sake duban kabet, ta nuna wani gurbi da yatsa.

"Babbar tasata tana gidan liman. Tashi ka karɓo mini tukuna, kuma ka riƙe ta da hannu biyu."